Kafin a Kai Kuɗin Laftof Circle

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan makon. Ta farko ce za ta ci mana lokaci, domin duk lokacin da aka kusa komawa makaranta irinta ce ke cika mini waya.

Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya samu gurbin karatu a Jami'ar Ghana da ke Legon, ya ce ba makawa sai da laftof. Na ɗauki adashina don wannan. Wani yaro a Tip Toe Lane, layin masu sayar da waya da kwamfuta a Circle cikin Accra, ya nuna mana guda biyu na hannu, ɗaya an manna mata Core i7, ɗaya Core i5, kuma i7 ɗin ta fi araha. Ɗana ya kafe sai i7, wai bakwai ta fi biyar. Ni kuma arahar ce ta ba ni tsoro. Wacce zan saya? — wata uwa daga Nima

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa karatun yaro albarka. Tsoronki yana kan hanya, kuma ɗan namu lissafinsa bai cika ba. Bakwai ta fi biyar idan sa'annin juna ne. Tambayar da ba ku yi wa mai shagon ba ita ce shekarun kowacce.

Wannan i5 da i7 da ake mannawa kusa da madannai sunan ƙwaƙwalwar kwamfutar ne, ƙirar kamfanin Intel, amma kamar sunan gida ne, kaka da jika duk suna amsa shi. Cikakken sunan yana cikin kwamfutar. A kunna ta, a shiga Settings, sai System, sai About, za a ga layin da aka rubuta wani abu kamar i7-6600U ko i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin da aka yi ta a ciki. Ta farko zubi na 6 ce, na shekarar 2015. Ta biyu zubi na 8 ce, ta fito a 2017. Kuma a waɗannan biyun da na kawo misali, i7 ɗin ma'aikata biyu ne a cikin ƙwaƙwalwarta, i5 ɗin kuwa huɗu. Wato ƙaramar a suna ita ce babba a wajen aiki. Idan aka ga lambar ta fara da 10 ko 11 ko 12, kamar i5-1135G7, to lambobi biyun farko ake karantawa, wannan zubi na 11 ke nan. Ina kyautata zaton i7 ɗin da aka nuna muku tsohuwar zubi ce, shi ya sa mai shagon ya sassauta kuɗinta. Su sun san abin da suke sayarwa.

Dalilin da ya sa na matsa a kan lamba 8 shi ne Windows. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga wani shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa. A ɓangaren Intel tana neman zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan, a ɓangaren AMD kuma, ɗaya kamfanin mai ƙera ƙwaƙwalwar, Ryzen 2000 zuwa sama, sannan tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Yaro zai yi shekara huɗu a jami'a. Bai kamata ya fara da na'urar da masu ita suka riga suka sallama ba.

A nan ne ake cutar mutane da yawa. Za ki ga tsohuwar kwamfuta zubi na 6 tana ɗauke da Windows 11 tsaf, mai shago ya ce ai ga ta nan, me kuma ake nema? Akwai dabarar da ake cusa ta da ƙarfi a tsallake sharuɗɗan. Tana aiki, ban ce ba ta aiki ba. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi wa irin wannan alkawarin sabuntawa ba. Don haka ganin Windows 11 a fuskar allo ba shaida ba ce, lambar nan dai za a duba.

Sai batir. Ni kaina an taɓa yi mini. Shekarun baya na sayi wata a wani shago a can, tana jone da caja tana nuna ɗari bisa ɗari, na biya ina murna. Na hau torotoro na dawo gida, na buɗe ta a tsakar gida don in yi wa yara burga, ko shayi ban gama haɗawa ba ta ɗauke ɗif. Da na koma washegari mai shagon ya dube ni kamar bai taɓa ganin fuskata ba. Tun daga ranar ba na sayen laftof sai na sa an cire caja, na zauna a bencin shagon na kunna bidiyo na kusan rabin awa ina kallon yadda lambar ke sauka. Akwai kuma hanyar da ta fi wannan. Ɗanki ya buɗe Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, ya rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da takarda mai lambobi biyu, ƙarfin batir ranar da aka ƙera shi da ƙarfin da ya rage masa yanzu. Idan na biyun ya faɗo kusan rabin na farko, to a cire kuɗin sabon batir daga ciniki, ko a bar musu kayansu. A garin da dumso, wato ɗaukewar wuta, ke iya kawo ziyara ana tsakiyar rubuta aikin makaranta, batir ba abin wasa ba ne.

Ma'ajiyar ta zama SSD, wato ta zamani mai sauri, ko da ƙarama ce mai 256GB. Tsohon faifai mai juyawa, ko an ce miki 1TB ne, shi ke sa mutum ya kunna kwamfuta ya je ya sayo koko da ƙosai ya dawo ba ta gama farkawa ba. RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, kada ta gaza 8GB. A sa mai shago ya shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a gabanku, domin da yawa daga cikin waɗannan na hannun daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasu da kalmar sirrin kamfanin a kulle, kuma cire ta wahala ce. A danna kowane harafi na madannai ɗaya bayan ɗaya, a gwada kyamara da kowace kafar filash. Idan an nuna muku wata siririya mai kyau da araha aka ce Chromebook ce, a wuce, ba Windows take ɗauka ba, kuma manhajojin da malamai ke sa ɗalibai su ɗora yawanci na Windows ne.

In da ni ne, na'urorin ofis zan nema, irin su ThinkPad T480, ko Dell Latitude 7490, ko HP EliteBook 840 G5. Dukkansu na zamanin zubi na 8 ne, duk da haka a duba lambar, don akwai waɗanda aka fitar da zubi na 7 a cikinsu. Ba su da ado, amma an yi su ne don a sha wahala da su, kuma batirinsu da allonsu ba su da wuyar samu a Circle ɗin.

Abu na ƙarshe Hajiya, ki saya a shago mai ƙofa da rufi, wanda za ki iya komawa gobe. Masu tare mutum a bakin titi suna raɗa masa farashi a kunne, a gaishe su a wuce. A rubuta miki rasit da lambar jikin na'urar da kwanakin da aka ba ki na gwaji. Kuma wadda aka gwada a gabanki kada ta bar idonki da sunan za a je ciki a sa ta a jaka. Ɗanki ya rungume ta tun daga kan tebur.

Malam, barka da aiki. Ina koyarwa a wata makarantar Islamiyya a Madina. Wani bawan Allah ya ba mu kwamfutocin tebur guda shida, tsofaffi, duk Windows 10. An ce mana yanzu sun zama haɗari. Mu sayar wa 'yan gwangwan ne, ko akwai yadda za a yi? — wani malami daga Madina

Allah ya gafarta Malam, kada a sayar. Windows 10 ba ta mutu ran 14 ga Oktoba ba, za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum. Abin da ya canja shi ne idan aka gano wata sabuwar ɓaraka a jikinta, babu mai zuwa ya toshe. Gida ne da maigadi ya ajiye aiki, katanga na nan, amma kullum ɓarayi na ƙara sanin inda ta tsage. Shirin ƙarin wa'adin da na ambata a sama, na masu amfani a gida, da aka buɗe shi an sa iyakarsa 13 ga Oktoba 2026, jinkiri ne kawai. Idan kwamfutocin ba sa hawa intanet, yara na koyon buga rubutu ne kurum, haɗarin kaɗan ne, sai dai a kula da filash ɗin da ake kawowa daga waje, don ta nan ƙwayoyin cuta suka fi shigowa makarantu.

Idan kuwa ana son su hau intanet, shawarata Linux Mint, wata manhaja da ake ɗorawa a madadin Windows. Kyauta ce, halal, ba a buƙatar lambar sata kafin ta yi aiki, kuma fuskarta ta yi kama da Windows ɗin da aka saba, har da maɓallin nan na ƙasa ta hagu. Zubi na 22 yana da gyaran tsaro har 2029. Akwai nau'inta mai sauƙin nauyi da ake kira Xfce, wanda ke tafiya lafiya a kan na'ura mai RAM 4GB. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel, kuma yana rubuta Larabci daga dama zuwa hagu ba tare da rigima ba. Wani abin da ya faranta mini rai ranar da na fara gani: a jerin madannanta akwai Hausa ta Ghana da Hausa ta Najeriya, kowacce daban. Yara za su iya rubuta ƙ da ɗ yadda ya kamata, su daina mayar da ƙasa kasa.

Ba sai an goge komai ba kafin a gwada. A ɗora ta a kan filash, a tayar da kwamfuta ɗaya daga filash ɗin, a ga ko sauti da intanet da firinta suna aiki. In ta yi, a sa wa guda ɗaya, a bar yara da ita mako biyu kafin a taɓa sauran. Inda za a ji takaici shi ne CorelDRAW da Photoshop, ba sa hawa kanta. Da mai shagon buga katin biki da kalanda ne ya yi mini wannan tambayar, da amsar ta sha bamban. Don haka in akwai wanda ke zana wa makaranta takardar shaida da Corel, a bar masa guda ɗaya a kan Windows, a cire mata wayar intanet.

Kuma tunda za a taɓa su, a buɗe murfinsu a busa ƙura. Hunturu ɗaya ya isa ya cika fankar ciki da gari, na'ura ta yi ta zafi tana kashe kanta, a ɗauka tsufa ne.

Ni dillalin shanu ne a Tulaku. Yarana sun dame ni in sayi laftof don rubuta bashi da lissafi. Littafina da wayata ba su isa ba? — wani Alhaji daga Ashaiman

Sun isa, Alhaji, ranka ya daɗe. Laftof a kara, cikin rana da ƙura da turereniyar shanu, wahala za ka saya da kuɗinka, kuma ina jin yaran suna da nasu aikin da suke so su yi da ita. Gaskiyar da ke cikin maganarsu ɗaya ce: littafi yana jiƙewa, waya tana ɓata, kuma ranar da ɗayansu ya tafi, wanda kake bi bashi ba zai zo ya tuna maka ba.

Ga abin da zan roƙe ka. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka sa ɗaya daga cikinsu ya ɗauki hoton shafukan da ka rubuta a makon. Asusun Google yana ba kowa 15GB kyauta, hotunan littafi ba za su cika shi nan kusa ba. Ya kuma kunna maka ajiyar WhatsApp a kan asusun, tunda a can ake turo maka hoton sa da saƙon murya na ciniki. Kalmar sirrin asusun a rubuta ta a takarda a ajiye a gida inda ake ajiye takardun fili, don na ga mutane da yawa an yi musu ajiyar, waya ta ɓata, aka rasa wanda ya san kalmar. Lambar sirrin MoMo, asusun kuɗinka na waya, kuwa wannan taka ce kai kaɗai, ba ta shiga hoto, ba ta shiga littafi, kuma duk wanda ya kira ya ce daga ofis yake yana nemanta, kashe wayar ka ci gaba da cinikinka.

In kuɗin laftof ɗin na nan a ware, ka sayi fawa-banki mai kyau da gilashin kare fuskar waya, sauran ka ƙara a kan kuɗin ɗan maraƙi.