Kafin ki sayi fenti, ki fara ƙwanƙwasa katakon

Wata baiwar Allah daga unguwar Zariya a nan Maradi ta aiko da tambaya a kan wani kabad da ta gada daga mahaifiyarta, wanda da shi aka yi wa marigayiyar jere. Fentinsa ya ɓare, ƙofa ɗaya ta saki, kuma duk safiya takan tarar da wani gari mai laushi a ƙarƙashinsa. Tana son ta ji ko ya cancanci gyara, ko kuwa ta haƙura ta sayi sabo irin masu sheƙin nan na kasuwa.

Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Wannan garin da kike sharewa shi ne zai yanke hukunci, domin alama ce ta ƙwaron da ke huda katako daga ciki, kuma idan kika duba da kyau za ki ga ƙananan ramuka kamar an soka allura. Gara kuwa daban take, ita hanyar laka take ginawa daga ƙasa ta hau. Ki fitar da kayan ciki, ki bi ƙafafun da bayan kabad ɗin kina ƙwanƙwasawa, sannan ki danna tsinin ƙusa a duk inda kika ji amo kamar na ƙwarya. Idan ƙusar ta lume ba wuya a ginshiƙan da ke ɗauke da nauyi, kuɗin fenti asara ne. Idan kuwa ɓarnar ta tsaya a allon baya ko ƙafa ɗaya, kafinta zai canja su a yini guda, kuma a ganina gyaran ya fi sayen sabo, musamman in katakon mai nauyi ne, ja-ja, irin su maɗaci. Da yawa daga cikin sababbin nan garin katako ne aka matse da gam aka lulluɓe shi da leda mai ƙyalli. Ruwan goge ɗaki kaɗai yakan kumbura musu ƙafafu, kuma sukurun ƙofa idan ya fita ba ya sake kamawa da kyau.

Ƙwaron dole a kashe shi tukuna. Ki nemi maganin da aka yi domin katako a wurin masu sayar da kayan gini, a ɗura shi cikin ramukan da sirinji, a bar kabad ɗin a waje har warin ya fita. Kada ki yarda a zuba masa fiya-fiya ko maganin feshin gona, tunda tufafi ko kwanuka za ki ajiye a ciki. Bayan haka a kwaɓa garin zarto da farin gam a toshe ramukan.

Wajen kankare tsohon fenti ne mutane ke gajiya, alhali nan ne aikin yake. A fara da samfefa mai lamba 80, a koma 120, a ƙarasa da 180, kullum ana bin tsayin zaren katakon. Tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma, wato irin gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga duwatsun zinariya ta fito. Saboda haka a yi aikin a tsakar gida, a jiƙa wurin da ake gogewa don kada ƙura ta tashi, mai aikin ya sa takunkumi, yara kuma su yi nesa. Idan katakon ya fito da kyan launi, ni da berni, wato man sheƙin nan da ba ya ɓoye launin katako, zan shafa masa maimakon in rufe shi. In fenti kike so, na mai ya fi jure guga a kan na ruwa: shafi mara kauri sau biyu ko uku, da tazarar kwana guda tsakaninsu. Na taɓa shafe tebur a waje cikin watan Janairu, kafin la'asar ƙurar hunturu ta mai da shi kamar samfefar kanta. Ki yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, ki yi shafin a inuwa, ki bar taga ɗaya a buɗe ta ɓangaren da iska ba ta kaɗowa.

Wani malami daga Tibiri kuma ya tambaya ko zai ƙara ƙusoshi a kujerun cin abincinsa da ke girgiɗi.

Malam, ƙusa takan tsaga busasshen katako ne kawai. Hunturu ke tsuke katako, damina ta kumbura shi, har mahaɗar ta saki. Ka zare ƙafar gaba ɗaya, ka kankare tsohon gam, ka shafa sabo a ramin da kan ƙafar, ka ɗaure tam da robar tsohon tub ɗin keke, kuma kada kowa ya zauna a kai sai bayan awa 24.