Filin Lafiya: Kitse ne ya kumbura wa Babanmu tantanin hanji?

Tambaya: Likita, Babanmu mai shekara 62 ya yi wata biyar yana ciwon ciki da rama. Hoton CT ya nuna kumburi a tantanin da ke riƙe da hanjinsa. 'Yan'uwa sun ce man shanu da kitsen rago ne sila. Me za mu hana shi ci?
Daga wata baiwar Allah, Ƙaura Namoda.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Idan kin taɓa ganin an feɗe rago, akwai wani farin tantani mai kitse da hanji ke manne da shi kamar labule, jijiyoyin jini na bi ta cikinsa. Shi ne ke kumbura, wani lokaci ya taurare har ya matse hanji. Likitoci na kiran cutar mesentaraitis. Ba ta da yawa, kuma ta fi kama maza da suka haura 50.

Babu wani abinci da aka tabbatar yana jawo ta, don haka a daina ɗora wa man shanu laifi. An fi danganta ta da tsohuwar tiyatar ciki, bugu a ciki, ko garkuwar jiki ta juya wa jiki. Abin da ya fi damuna shi ne tarin fuka na ciki da kansar kaluluwa (lymphoma) suna kwaikwayonta a hoto. Ku nemi a tantance su tukuna, ko da sai an ɗebi tsoka an gwada, domin ba wa mai tarin fuka prednisolone (maganin rage kumburi da akan bayar a wannan cuta) shi kaɗai ƙara wa wuta fetur ne.

Abinci yana da amfani wajen sauƙaƙa wahala. In hanji ya matse, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a rana: kunu, fate, tuwo mai laushi, kifi, ƙwai. A ajiye masu ɓawo da zare, irin su dafaffiyar masara, goriba, rama da wake mai ƙwalfa, don su ne ke tokarewa a wurin da ya ƙuntace. Rage mai sosai sai in farin ruwa mai kama da madara ya taru a ciki. In ba haka ba, hana mai rama kitse gaba ɗaya ƙara masa rama ne.

Idan an sa shi kan prednisolone, a rage gishiri da sukari, a riƙa auna sukarin jini da hawan jini, kuma kada a tsayar da maganin kwatsam.

Amai kore, ciki ya cika fam, ba bayan gida ba tusa: asibiti nan take, ba jiƙon wankin ciki ba.