Tambaya da Amsa: Ina so in rubuta labarin gaiwa a Wikipedia

Tambaya: Salam. Mahaifina masunci ne a bakin Kogin Kaduna, kuma ina ganin kifayen da yake kamawa kamar gaiwa da minjirya da kurungu ba a cika yin bayaninsu da Hausa a intanet ba, abin yana damuna wallahi. Zan iya rubuta abin da na ji daga bakinsa a Wikipedia ta Hausa? Daga wani mai karatu, Kabala, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya yi wa Baba albarka. Kowa na iya buɗe akawun kyauta ya fara gyara ko da waya ce, sai dai fa can ba a karɓar "na ji an ce", dole kowace magana ka jingina ta da littafi ko shafin masana irin FishBase, in ba haka ba wani edita zai iya gogewa kuma abin da ciwo.

Fara da gaiwa, ni ita ta fi burge ni. Sunanta na kimiyya Protopterus annectens, tana da huhu tana shaƙar iska, in rani ya yi ruwa ya ƙafe sai ta shige cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta ta kwanta watanni har damina ta dawo. Minjirya kuwa Malapterurus electricus ce, mai jan mutum kamar lantarki.

Wajen Baba za ka tabbatar da wane suna ne na wane kifi, don sunayen kifi kan bambanta daga gari zuwa gari. In ya dawo daga kamun kifi, ɗauki hoton kifayen da kanka ka ɗora a Wikimedia Commons, wato rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su, kar ka kwaso na Facebook.