Na tsani jarumin littafin, in ci gaba?

Ka ce ka fara Lord Foul's Bane na Stephen Donaldson, na 1977, amma jarumin littafin, Thomas Covenant, ya fita ranka. Ɗan'uwa, kana da gaskiya. Kuturu ne da matarsa ta guje shi. Da ya tsinci kansa a wata duniya ya ce mafarki ne, har ya yi wa Lena, yarinyar da ta taimake shi, fyaɗe. Marubucin bai wanke shi ba, laifin na bin sa har littafi na uku a jerin littattafan. Saboda haka nake ganin ka ci gaba.

Kada dai ka jira ya zama gwarzo da wuri. Sa ido kan Foamfollower, ƙaton nan mai son dariya.

In wurin fyaɗen ya fama maka tsohon ciwo, ajiye littafin, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa.