Ba yaudara ba ce, Malam

Malam, ka tambaya ko yaudara ce a sa mai lafiya ya yi kamar majinyaci gaban ɗaliban likitanci. A'a, horo ne. Wani likita a Amurka, Howard Barrows, ya fara shi a 1963. Mutum zai haddace labarin ciwo ɗaya, ya maimaita wa kowane ɗalibi, sannan ya faɗi yadda aka saurare shi.

Ni damuwata a nan Legas ita ce mutanenmu na Agege da Idi-Araba da ba sa jin Turanci. Tsohuwa ta ce "zuciyata na tashi", tafinta ya ce ciwon zuciya, alhali amai take ji. Wallahi ya kamata a sa Hausawa cikin masu kwaikwayon nan.