Littafin da ya dace da ƙungiyar karatu a Jos

Malama, kin tambayi wane littafi ya dace da ƙungiyarku ta karatu, kin ce ku goma sha biyu ne, kuna zama duk bayan mako biyu, kuma ba ku son ƙagaggen labari. To, ki fara da lissafi. Idan kowa zai iya shafi 5 a rana, shafi 70 ke nan kafin zama na gaba, littafi mai shafi 200 zai ƙare a zama uku. Wanda ya haura 350, rabinku za su watsar da shi a hanya.

Ki nemi wanda kowane babi ke cin gashin kansa, domin wanda ya fashe zama ɗaya ya iya tsoma baki a na gaba. Kafin ki sanar, ki leƙa shagunan littattafai na wajen Terminus, ki tabbatar kwafin zai ishe ku, kuma bugu ɗaya ne. Bugu daban-daban lambar shafi ba ta haɗuwa, sai a ɓata lokaci ana laluben sakin layi.

Batun jigo kuwa, tarihin haƙar kuza ya fi jan hira, tunda kududdufan da aka bari kowa na ganinsu a hanyar Bukuru. Littafi kan rikicin Jos na 2001 ku jinkirta shi sai kun saba da juna.