Wace sabuwar fasahar kula da gini ce za ta mayar da kuɗinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da wata filaza mai hawa uku a Kano, shaguna da ofisoshi 42. Muna da janareta mai ƙarfin kVA 100, da rijiyar burtsatse, da tankuna biyu a sama, da esi kusan 30. Kamfanoni biyu sun zo mana da tallar mayar da ginin "mai wayo": sansa (ƙananan na'urorin awo), manhaja, ƙirƙirarriyar basira, har da kwafin ginin a kwamfuta. Mai gidan ya ce in ba shi shawara. Wanne ne mai amfani, wanne ne ado?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kusan duk abin da suka lissafa maka yana aiki, sai dai ba duka ne zai biya kansa a gini irin naka ba. Kowace na'ura suka ajiye a gabanka, ka tambaye su: idan ta ga matsala wa take faɗa wa, kuma me mutumin zai yi a ranar? In amsar ita ce "za a gani a allo", ka ture ta gefe tukuna.

Fara da inda kuɗi ke zurarewa, wato wuta da man gas. Tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A (masu samun wuta mafi yawan awanni) daga kusan naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, kodayake an ɗan sassauta daga baya, raba bil ga 'yan haya da ƙiyasi ya zama hanyar rigima. Maganinsa mita mai aika karatunta da kanta. A sa ɗaya a layin KEDCO, ɗaya a bakin janareta, sannan ƙanana a kowane hawa, ko kowane shago in aljihu ya kai. Ka nemi mai zoben awo da ake maƙalawa a jikin kebul ba sai an yanke shi ba, wadda kuma ke magana da tsarin Modbus, wato yaren da na'urori ke aika wa juna bayani da shi, ta wayar sadarwa da ake kira RS-485. Waya ɗaya tana ɗaukar na'ura har 32, tana tafiyar fiye da kilomita ɗaya, don haka ta ishi gininka hawa zuwa hawa. Kurakuran sawa guda uku ne ke yawan faruwa. Idan aka juya zoben baya, karatu zai fito a kife, kamar shagon ne ke ba ka wuta. Idan zoben na 200/5 ne aka saita mitar a 100/5, rabin abin da aka sha za ta nuna. Idan kuma mita biyu suka sami lamba ɗaya a kan wayar, duka biyun za su riƙa ɓacewa suna dawowa. Ka ja kunnen mai aikin wutarka kada ya kwance ƙananan wayoyin zoben alhali kebul na ɗauke da lodi, domin ƙarfin wutar da ke tasowa a bakinsu na iya kashe mutum.

A janareta ne mitar za ta fi ba ka mamaki. Injin kVA 100 yana ba da kilowat 80 in ya cika. Da lodi mai kyau, misali kashi 75 cikin 100, litar gas ɗaya tana ba da yunit 3 zuwa 3.5. To ka raba yunit ɗin da mita ta nuna a wata da litar da aka zuba. In mita ta ce 1,000, littafin mai ya ce lita 300, lafiya lau. In ya ce 450, ɗayan biyu ne: ko mai na bin wata hanya, ko injin na aiki da ƙaramin lodi. Kada ka yi saurin zargin mai gadi, domin na biyun ya zama ruwan dare. Injin da ke kwana yana kunna fitilun tsaro da firij biyu-uku yana ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa, ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone man sosai, sai ka ga baƙin maiƙo na tsiyaya a gaɓar salansa, hayaƙi ya yi kauri, zoben fistin ya fara daskarewa da baƙin toka. Irin wannan dare batir ne ya dace da shi, ba janareta ba.

Don bambance sata da ɓarnar inji, a sa ma'aunin mai a tanki. Akwai mai sanda da ake zurawa daga sama, akwai wanda ake mannawa a ƙasan tanki yana awo da sauti. Mai sandan ya fi daidai, amma sai an daidaita shi da tankinka: a kwashe man, a riƙa zuba lita 20-20 ana rubuta karatu har ya cika. Kamfanin da ya tsallake wannan aikin ya sayar maka da lambobi ne kawai. A saita shi ya aiko saƙo idan mai ya ragu da sama da lita 10 cikin minti goma alhali inji na kashe. Kada a matse iyakar fiye da haka, saboda gas na kumbura da zafi: lita 1,000 na iya sauyawa da kusan lita 8 idan zafi ya canza da digiri 10, kuma ƙararrawar da ke yawan ƙarya mako biyu take yi a daina kula ta. Duba kuma allon sarrafa injin naka. In na kamfanin Deep Sea ne ko ComAp, da yawansu suna da kafar da za a jona a riƙa karanta awannin aiki da zafin ruwa da matsin mai daga nesa. Da wannan sai a riƙa juyen baƙin mai bisa awa, galibi duk awa 250, maimakon "ƙarshen wata".

Batirin lithiyam na LiFePO4 shi ne sauyi mafi girma a 'yan shekarun nan. Yana jure caji da saukewa sau 3,000 ko fiye ko da ana shan kashi 80 nasa, alhali batirin ruwa ba a so a wuce rabi, kuma rayuwarsa na raguwa da kusan rabi duk ƙarin digiri 10 a kan 25. Ka san yadda ɗakin inbata yake a Kano a watan Afrilu. Shi ma na lithiyam ɗin yana son iska, kuma dole inbata ta iya magana da kwamfutar da ke cikinsa, in ba haka ba za ta riƙa ƙiyasta cajinsa ne kawai.

Ruwa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ma'aunin tsayin ruwa a kowane tanki, na'urar da ke kashe samo idan rijiya ta ja baya don kada ya yi ta juyi a bushe har kwayil ya ƙone, da mitar ruwa a bututun da ke saukowa. Ka duba karatun tsakanin ƙarfe 1 da 4 na dare, lokacin da babu kowa. Duk abin da ya wuce a wannan lokacin yoyo ne, kuma yawanci tankin ban-ɗaki ne da robarsa ta saki, wanda guda ɗaya kan zubar da ɗaruruwan lita a yini ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba. Inda jan waya zai yi wuya, akwai sansa masu batir da ke aika saƙo ta LoRaWAN, wani tsarin rediyo mai dogon zango, suna shekaru ba a canza batir ba, kuma akwatin karɓa ɗaya ya wadaci ginin.

Batun ƙirƙirarriyar basira mai hango lalacewa kafin ta faru gaskiya ne, amma a manyan injuna ta yi suna: injin sanyaya ruwa na otal, manyan famfuna, lif. Ana manna sansar girgiza a kan boris, manhaja ta koyi yadda injin yake in yana lafiya, sannan ta gane sauyi. Koyon yana cin watanni, kuma a wurinmu sai ta ga zafi da damina da hunturu kafin a amince da ita. Ga ƙananan esi 30, sansar za ta kusa kai kuɗin gyaran. Abin da zai yi maka aiki ya fi haka sauƙi: a auna iskar da ke shiga da wadda ke fita, bambancin ya zama digiri 8 zuwa 12. In ya gaza haka, ko gas ɗin sanyi ya ragu ko kwamfireso ya gaji. In ya zarce sosai, filta ce ta toshe, abin da ƙurar hunturu ke yi cikin makonni biyu. A kuma tsayar da su a 24 maimakon 18. Hukumar tattalin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya na rage kusan kashi 6 na wutar da esi ke sha, shi ya sa tun 2020 sababbin esi a can ke zuwa a saite a 24.

Duk waɗannan saƙonni suna buƙatar wurin sauka, shi ne manhajar tsara gyara. Kowace na'ura a ba ta lamba, a manna mata tambarin QR, mai gyara ya ɗauka da wayarsa ya ga abin da aka yi mata a baya, ya sa hoton aikinsa kafin a rufe takardar. Wahalar ba a manhajar take ba, a rajistar take: sai an zaga an rubuta suna da ƙarfi da shekarar kowane inji. Ko da ba ku sayi komai ba, ku yi wannan rajistar.

Kwafin gini a kwamfuta kuwa na filin jirgi ne da babban asibiti, inda zanen bututu da waya yake cikakke kuma akwai mai sabunta shi. In zanen wayoyin filazarku yana cikin kan tsohon mai aikin wuta ne kaɗai, a bar wannan. Haka ma na'urar shara mai tafiya da kanta.

Saura yarjejeniya. Kada na'urorin gini su hau intanet ɗaya da na 'yan haya, kuma a canza kalmar sirrin da suka zo da ita. A 2013 ɓarayin intanet sun shiga kamfanin Target na Amurka da bayanan shiga na ɗan kwangilar da ke musu aikin sanyaya, suka kwashe bayanan katin banki kusan miliyan 40. In za a sa ƙofa mai karanta yatsa ko fuska, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa irin waɗannan cikin bayanai masu tsauri, don haka sai an fayyace wa ke riƙe da su. A rubuta cewa kayan na Modbus ne ko BACnet (wani tsarin sadarwar na'urori makamancinsa), yadda wani kamfani zai iya ɗorawa in kun rabu, cewa za ku iya sauke bayananku duk lokacin da kuka so, da kuma ko kuɗin shekara da naira ne ko da dala. A haɗa da na'urar kare tsawa da sandar ƙasa mai kyau, don hadari ɗaya na farkon damina na iya ƙone layin RS-485 gaba ɗaya. Ka ce wa mai gidan a gwada wata uku a janareta da tankuna da hawa ɗaya, kuma kada a biya cikon kuɗi sai mai aikin wutarku ya auna da mitarsa ta hannu, karatun biyu sun zo kusa da juna da bambancin da bai wuce kashi 2 ko 3 cikin 100 ba.